Tef ɗin awo a ƙofar masallaci: shin auna gangaren keken guragu yana koya wa ɗalibi tirigonometiri?

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka ɗaure wa iyayen yara kai a Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zango, unguwannin Accra, babban birnin Ghana. Na farko shi ne sabuwar manhajar babbar sakandare da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NaCCA, ta shigo da ita a shekarar karatu ta 2024/2025, wadda ta ƙara wa aikin rukuni da aikin da ɗalibi zai fita ya yi da hannunsa daraja a cikin makin da makaranta ke tarawa. Na biyu shi ne sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, na 2025, inda waɗanda suka ci lissafin dole da makin A1 zuwa C6 ba su kai rabi ba, kusan kashi 49 cikin 100, alhali a 2024 sun kai kusan kashi 67. Uban da ya ji wannan labari, sannan ya ga 'yarsa ta ɗauki tef ɗin awo tana cewa malamin lissafi ya aike su su auno ƙofar asibiti, yana da hujjar tambaya ko karatu ake yi ko yawo.

Kafin a shiga gardama, a san abu biyu. Waɗanda suka zana jarrabawar 2025 sun shiga sakandare kafin sabuwar manhajar ta fara aiki, don haka faɗuwarsu ba hukunci ba ce a kanta. Haka kuma manhajar ba ta wajabta wa kowane malami auna ƙofofi ba. Auna gangaren da masu keken guragu ke hawa misali ne guda cikin ayyukan da malami zai iya zaɓa. Sai dai misali ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin cikin raunin da hukumar WAEC ta lissafa game da ɗaliban 2025 akwai kasa mayar da tambayar da aka rubuta da kalmomi zuwa lissafi, da kasa zana bayanin lissafi a hoto. Irin wannan rauni ne masu goyon bayan aikin fili ke cewa suna da maganinsa.

## Mene ne tirigonometiri, mene ne gangare

Tirigonometiri reshe ne na lissafi da ke duba dangantakar kusurwoyin alwatika da tsawon gefunanta. A matakin da ake fara koyar da shi, ana ɗaukar alwatika mai kusurwa ɗaya ta digiri 90, a raba tsawon wani gefe da na wani. Wannan rabon shi ne sin da cos da tan da ake gani a kan kalkuleta. Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne tan: tsayin da aka hau, a raba shi da nisan da aka ci a kwance.

Ba baƙon ilimi ba ne ga al'ummar da ke duba rana don sallah. Masana irin su al-Battani, wanda ya rasu a 929, da Abul Wafa da al-Biruni sun bunƙasa shi ne wajen lissafin taurari da lokutan sallah da alƙibla. Almajirin da aka koya wa cewa la'asar na shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar zawali, ya riga ya riƙe dangantakar tsayi da inuwa da kusurwar rana, ko da bai taɓa jin sunan tan ba.

Gangare kuwa, wanda magina a nan suka fi kira ramp, shi ne shimfiɗar da ake yi a madadin matakala ko a gefenta domin keke ya hau. Idan aka dube shi daga gefe, alwatika ce sak: ƙasa a kwance, tsayin dandamali a tsaye, sai doron da ake takawa. Ma'aunin da ya fi shahara a duniya shi ne 1:12, wato duk santimita 1 na hawa yana buƙatar aƙalla santimita 12 na nisa a kwance. Shi ne iyakar da ƙa'idojin Amurka da suka biyo bayan dokar nakasassu ta 1990 suka sa, ƙasashe da dama kuma suna aiki da shi ko da wanda ya fi shi sauƙin hawa. A lissafin kusurwa, 1:12 ya yi daidai da digiri 4.76.

## Dalilin da ya sa ƙofofin Accra suka zama abin koyarwa

Ghana na da doka. Dokar masu nakasa ta 2006, wadda aka sani da Act 715, ta ɗora wa mai gini ko mai amfani da duk wurin da jama'a ke shiga nauyin tanadar hanyar da mai nakasa zai shiga, ta kuma ba tsofaffin gine-gine shekara 10 su gyara. Wa'adin ya cika a 2016. A 2012 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, a 2016 kuma hukumar kula da ingancin kaya ta fitar da ma'aunin gini mai la'akari da su. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa sama, fiye da mutum miliyan 2, suna da wata wahala ta gani ko ji ko tafiya ko makamantansu.

Abin da ido ke gani a unguwa daban ne. A Nima da Mamobi, mai shago yakan ɗaga daɓensa da gangan saboda ruwan sama, kuma duk wanda ya tuna ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ba zai zarge shi ba. Tsakanin ƙofarsa da titi akwai buɗaɗɗiyar kwata. Inda aka yi gangare, sau da yawa don shigar da babur ko baro aka yi shi, an zuba siminti gwargwadon filin da ya rage, ba gwargwadon ƙarfin hannun mai keke ba.

A nan lissafi ke shigowa. A ɗauki ƙofa mai mataki uku, kowanne santimita 15, jimla 45. Bisa 1:12 ana buƙatar nisan mita 5.4. Idan mita 2 kawai ke tsakanin ƙofar da bakin kwata, magini ya zuba gangaren a cikin wannan fili, tan na kusurwar zai zama 45 a raba da 200, kusurwar kuma ta kai wajen digiri 12.7. A takarda, bambancin digiri 5 da digiri 13 ba ya tayar da hankali. Amma idan mutum da kekensa suna da nauyin kilo 100, abin da ke ja da shi baya shi ne nauyin a ninka da sin na kusurwar: daidai da nauyin kilo 8 da 'yan kai a gangaren 1:12, kusan kilo 22 a ɗayan, tun ba a lissafa tirjiyar taya da kaushin ƙasa ba. Mai hawa zai yi wa wannan turi da damatsansa, mai saukowa kuma zai tare shi da tafin hannu. Ɗalibin da ya fitar da waɗannan lambobi da kansa ya fahimci abin da ya sa tsohon da ke kan keke yake tsayawa a waje yana jiran samari su ɗaga shi, alhali ga gangare a gabansa.

Akwai kuma misalin da duk mai bin hanyar Madina zuwa Adenta ya sani. Bayan zanga-zangar Nuwamban 2018, wadda mutuwar wata ɗaliba da mota ta buge ta haddasa, an ƙarasa gadojin ƙafa na wannan hanya, kuma an yi musu dogayen gangare masu lanƙwasa. Har yau mutane na kukan tsawonsu, wasu ma su tsallaka ta ƙasa. Lissafi ya bayyana daga ina tsawon ya fito. Idan aka ƙaddara gada mai tsayin mita 6, ma'aunin 1:12 zai ba da mita 72 a kowane gefe, kafin a ƙara wuraren hutawa, waɗanda ƙa'idar Amurka ta ce a sa bayan hawan da bai wuce santimita 76 ba. Da su, kowane gefe zai haura mita 80. A ɗaya ɓangaren, gadojin babbar hanyar N1 da aka buɗe a 2012 sun sha suka daga ƙungiyoyin masu nakasa saboda matakala. Ɗalibi na iya ganin cewa mai zanen gada yana tsakanin buƙatu biyu, kuma tambayar da ta dace ita ce ko an haɗa matakala da gangare yadda kowa zai ɗauki wanda ya fi masa.

## Abin da magoya baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce gani ya kori ji. Yaron da ya haddace cewa tan shi ne gefen da ke fuskantar kusurwa a raba da na kusa da ita yakan rikice da zarar an juya alwatikar, ko an ba shi labari babu zane. A bakin ƙofa kuwa babu wanda ya zana masa komai. Shi zai yanke shawarar ina ne tsayi, ina ne nisa, ina kusurwar take. Wannan ita ce ƙwarewar da WAEC ta ce ta yi ƙaranci. Ra'ayin yana da tushe a fagen ilimi: masanin lissafi Hans Freudenthal na ƙasar Holan ya daɗe yana kiran a fara daga matsalar da ɗalibi zai iya kamawa da hankalinsa, sannan a hau zuwa ƙa'ida.

Hujja ta biyu ta tarbiyya ce. Sabuwar manhajar ta sa daidaito tsakanin maza da mata da kuma tafiya da kowa cikin ginshiƙanta, Ghana kuma na da manufar ilimin bai-ɗaya, wato haɗa yara masu nakasa da sauran yara a makaranta ɗaya, tun 2015. Magoya baya na ganin auna ƙofar ajinku ya fi lacca tasiri wajen sa yaro ya lura da wanda ginin ya bari a waje. Suna ƙarawa da cewa kayan aikin ba su da tsada: tef, zare, ɗan dutse, da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi sun isa a haɗa abin auna karkata.

## Abin da masu shakka ke cewa

Ba a kan tausayin masu nakasa suke jayayya ba. Maganarsu ta lokaci ce da yawan ɗalibai. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017, aka kuma shigo da tsarin karatu bi-da-bi a 2018, azuzuwa da yawa sun cika, kwanakin haɗuwa da malami kuma sun zama abin tattali. Fita da aji mai mutum 50 ko 60 na iya cinye darasi uku, alhali mafi yawan makin WASSCE daga zauren jarrabawa yake fitowa. A aikin rukuni kuma an san yadda ake yi: mutum biyu su yi lissafi, sauran su riƙe tef.

Su ma suna da masana a bayansu. John Sweller na Ostareliya da abokan aikinsa sun nuna cewa sabon shiga yana koyo da kyau idan aka nuna masa misalan da aka warware mataki-mataki, domin idan aka jefa shi cikin matsala mai rassa da yawa, hankalinsa kan ƙare a kan rassan, ƙa'idar ta wuce shi.

Sai hujjar da ta fi ƙarfi, wadda ta fito daga cikin lissafin kansa. Magini ba ya buƙatar tirigonometiri don ya yi gangaren 1:12. Ya auna tsayi, ya ninka da 12, shi ke nan. Wannan lissafin rabo ne na ƙaramar sakandare. Ana iya kammala aikin duka, a yi kyakkyawan zane a kwali, a sami maki, ba a taɓa sin ko tan ba. Har ma akwai tarko: a ƙananan kusurwoyi sin da tan kusan ɗaya suke. A digiri 4.76, sin ya kai 0.0830, tan kuma 0.0833. Tsawon doron gangaren da ya ci mita 5.4 a kwance bai wuce mita 5.42 ba. Ke nan ɗalibin da ya rikita sin da tan zai sami amsar da ta yi kama da daidai, kuskurensa ya ɓuya, sai ranar jarrabawa da aka ba shi kusurwar digiri 60 ya fito fili. Bugu da ƙari, gangare bai taɓa sauran sassan darasin ba, irin su lissafin alƙiblar tafiya daga arewa, da kusurwoyin da suka wuce digiri 90, da zanen jadawalin sin da cos.

## Inda maganganun biyu suka haɗu

Idan aka auna hujjojin, sakamakon aikin ya rataya ne a kan yadda malami ya tsara tambayar da kuma lokacin da ya kawo ta. Abin da ya fi dacewa da hujjojin ɓangarorin biyu shi ne a fara koyar da ƙa'idar a allo, a yi atisaye, sannan a fita; fitar kuma ta ƙunshi abin da ba zai warwaru ba sai da kusurwa.

Akwai irin waɗannan tambayoyi da yawa. A nemi tsayin da tef ba zai kai ba: ɗalibi ya tsaya mita 15 daga gindin gini, ya auna kusurwar dubansa zuwa sama ya sami digiri 17, ya ninka 15 da tan ɗinta ya sami kusan mita 4.6, ya ƙara tsayin idonsa daga ƙasa, mita 1.5, tsayin ya zama wajen mita 6.1. A sa su lissafa ƙarfin da ke ja da keke baya, wanda sai da sin. A haɗa gangaren da matakalar da ke gefensa, wadda karkatarta kan kai digiri 30 ko fiye, inda sin da tan suka rabu sosai, kuskure ba shi da maɓoya.

Akwai kuma darasin da littafi ba ya bayarwa cikin sauƙi, wato kuskuren awo. Abin auna karkata da aka haɗa da zare da dutse na iya kaucewa da digiri ɗaya. Digiri 4 na nufin gangaren kusan 1:14, wanda ya cika ƙa'ida. Digiri 6 na nufin kusan 1:9.5, wanda ya karya ta. Rukunin da ya auna gangare ɗaya da tef, ya sake auna shi da kusurwa, ya ga amsoshin sun bambanta, sannan ya bayyana wanne ya fi abin dogaro da dalilinsa, ya yi lissafi na gaske. Wannan kaɗai ya isa hujjar fita daga aji sau ɗaya.

Game da matsalar masu riƙe tef, maganin da malamai suka sani shi ne a yi awon tare, amma kowa ya miƙa lissafinsa shi kaɗai, a kuma canza wa kowane ɗalibi tsayin ƙofar da zai yi wa zane.

## Abin da zai shafi mutanen unguwa

Ga iyaye, hanyar gane ko aikin na da amfani ita ce duba takardar da yaron ya rubuta. Idan akwai zanen alwatika da aka sa wa lambobi, da lissafin kusurwa, da bayanin abin da amsar ke nufi, an yi karatu. Idan hoton kwali ne kawai da fenti, an yi aikin hannu. Bai kamata aikin ya ci kuɗi mai yawa ba, kuma uba na da damar tambayar ina za a je da wanda zai raka su. Bakin babbar hanya ba wurin tsayawar yara da tef ba ne. Harabar makaranta da ƙofar masallaci da asibitin unguwa, bayan an nemi izini, sun wadatar.

Ga masu shaguna da kwamitocin masallatai, lambobin da yara za su kawo na iya zama marasa daɗin ji, domin a lungunan Zango mita 5 a gaban ƙofa abu ne mai wuya. Amma lissafin da ya nuna matsalar yakan nuna mafita. Nisan da ake buƙata ba dole ya miƙe zuwa titi ba. Ana iya kwantar da gangaren a jikin bango, ko a lanƙwasa shi biyu da wurin hutawa a tsakiya, ko a duba wata ƙofar da ba ta kai wannan tsayi ba. A masallaci, masu cin moriyar sun wuce masu keke: dattijo mai sanda, mai ciwon gwiwa, wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki, da masu ɗauke da makara. A tuna da ƙofar mata, wadda sau da yawa ita ce mafi ƙunci.

Sai dai zanen ɗalibi ba izinin gini ba ne. Karkata ɗaya ce daga cikin sharuɗɗa. Akwai faɗi, da ƙarfen riƙewa, da ɗan tudun gefe da zai hana taya zamewa, da daɓen da ba ya santsi. Gangaren da kusurwarsa ta yi daidai amma aka lulluɓe shi da tayil mai sheƙi haɗari ne ranar ruwa, ko a kusa da wurin alwala. Wanda zai gina ya nemi ƙwararre, ya bi ta ofishin ƙaramar hukumarsa. Nauyin da Act 715 ta ɗora yana kan mai wurin da hukumomin da ke ba da izini, bai koma kan 'yan makaranta ba.

Ga masu nakasa kansu, akwai amfani da kuma abin tsoro. Amfanin shi ne samun matasan da za su iya cewa wannan gangare 1:5 ne, su kuma faɗi abin da hakan ke nufi a gaban kwamiti ko ɗan majalisar unguwa. Abin tsoron shi ne a mayar da mutum kayan gwaji, musamman ɗalibi mai nakasa da ke cikin ajin, ko a ɗora lafiyayyun yara a keke suna wasa da sunan fahimta. Tarayyar ƙungiyoyin masu nakasa ta Ghana da rassanta suna da mutanen da suka fi kowa sanin wace ƙofa ce ke shiguwa, kuma gayyatar ɗayansu ya duba zanen yara ya faɗi inda suka kuskure ya fi a yi ta hasashe a madadinsa. Yakan lura da abin da tef bai auna ba, kamar ƙofar da ke buɗowa waje ta tura mai keke baya daidai lokacin da ya iso sama, ko rumfar mai sayar da kaya da aka kafa a gindin gangaren.